Makullin Waya a Hannun Wa? Tarihin Filashin daga Shenzhen zuwa Achilafiya

A bakin masu waya, kalmar filashin ma'ana biyu gare ta. Ta farko kowa ya san ta: mutum ya kira lamba, kafin a ɗauka ya katse, domin a biyo shi da kira. Ta biyu ta masu gyara ce, wato a goge babbar manhajar da ke tafiyar da waya, a zuba wata a madadinta. Idan aikin ya yi kyau, wayar da ta mace sai ta farfaɗo. Idan ya ɓaci, wadda ke da sauran numfashi sai ta zama abin da masu sana'ar ke kira bulo, ba ta kunnuwa, ba ta karɓar caji, ba ta amsa kwamfuta.

Wayar da ta tsaya a tambarin kamfani ta ƙi wucewa a garin Achilafiya, cikin ƙaramar hukumar 'Yankwashi, hanyarta sananniya ce, daidai da ta Roni ko Gwiwa. Za a fara da mai gyara na kusa, in ya gaza a kai ta Kazaure, in can ma abin ya faskara sai Kano, kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut. A kowane zango tambaya ɗaya ake yi: akwai fayil ɗinta? Tarihin wannan tambaya ya haura shekara ashirin, kuma a cikinsa akwai wata da ta fi ta girma. Wanda ya biya kuɗin waya, shin ya mallaki abin da ke cikinta, ko kuwa kwanso kawai ya saya?

Sana'ar da kulle ya haifa

A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane ɗaya a kan dala miliyan 285. Zuwa watan Agusta na shekarar Econet da MTN sun fara aiki, a ƙasar da layukan NITEL na gida ba su kai rabin miliyan ba. Globacom ta shigo a 2003 da lissafin kira na daƙiƙa-daƙiƙa, farashin layi ya faɗi, jama'a suka yi wa waya caa.

Wayoyi da yawa na wancan zamani na hannu ne, an yi amfani da su a Ingila ko wata ƙasar Turai kafin su iso Legas da Kano. Kamfanonin sadarwa na can, irin su Vodafone da Orange, kan sayar da waya a kan rangwame, sannan su kulle ta yadda ba za ta karɓi layin kowa ba sai nasu. Saboda haka Nokia ko Motorola da ta sauka a Kano lafiyarta ƙalau, amma ba ta san MTN ba. Buɗe wannan kulle shi ne aikin manhaja na farko da masu gyara suka koya. Tsofaffin Nokia lambobin sirri ake lissafa musu daga lambar shaidar wayar. Da kamfanin ya tsaurara, sai aka koma ga ƙananan akwatuna irin su UFS da JAF, waɗanda ake haɗawa tsakanin waya da kwamfuta a sake rubuta manhajar baki ɗaya.

A Turai da Amurka masu taɓa manhajar waya galibi 'yan sha'awa ne, suna yi bayan an tashi daga aiki. A Kano kuwa da Computer Village ta Ikeja, abin ya fara ne a matsayin hanyar abinci. Wannan bambanci ya bi sana'ar har yau.

Zuwan 'yar China

A tsakiyar shekarun 2000 kamfanin MediaTek na Taiwan ya fito da dabarar da ta sauya kasuwa. Maimakon ya sayar da ƙwaƙwalwar waya kaɗai, sai ya haɗa ta da zanen allon ciki da manhaja, komai a shirye. Ƙaramin kamfani a birnin Shenzhen ba ya buƙatar injiniyoyi ɗari, kwanso da batir da lasifika kawai zai nemo. Daga kasuwar Huaqiangbei wayoyi masu layi biyu, da tocila, da rediyo, da ƙara mai tashin unguwa suka kwararo Afirka. A gari irin Babura, da ke dab da iyakar Nijar, layi biyu ba ado ba ne. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga zuwa yankin Magarya yana buƙatar layin Nijeriya da na Nijar a aljihu guda.

Cikin wannan guguwa aka kafa kamfanin Transsion a 2006, mai Tecno da itel, daga baya kuma Infinix. Ya zaɓi Afirka ta zama babbar kasuwarsa, ya buɗe masana'anta a Addis Ababa a 2011, ya kuma gyara kyamarorinsa domin su fitar da fuskar baƙar fata da kyau. Da wayoyin nan suka koma kan Android, mafi yawansu da ƙwaƙwalwar MediaTek suka zo, masu araha kuma da ta Spreadtrum, wanda yanzu ake kira Unisoc.

Wannan ya zo wa masu gyara da sauƙi. Manhajar da masana'antu ke zuba wa wayoyin MediaTek tsarinsu da ita, SP Flash Tool, ta bazu a intanet kyauta. Duk mai tsohuwar kwamfuta da igiyar caji mai kyau ya zama yana iya abin da a da sai mai akwati. A Legas, dandalin Hovatek ya shahara wajen tattara fayiloli da darussa kan irin waɗannan wayoyi, waɗanda manyan dandalin Turawa ba su cika kula su ba.

'Yan sa-kai da manhajarsu

Wayar Android ta farko, HTC Dream, ta fito a Amurka a watan Oktoban 2008. Android an gina ta ne a kan Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, kuma Google ya buɗe tushen rubutunta ga kowa. Ke nan duk mai ilimi zai iya ɗauka ya gyara, ya gina tasa. A 2009 wani injiniya mai suna Steve Kondik ya fitar da tasa, CyanogenMod, a dandalin XDA. Ta fi ta kamfani sauri, ba ta da tarkacen manhajojin da ba a iya gogewa, kuma tana kawo sabon Android ga wayar da masu ita suka daina kulawa.

A watan Satumba na shekarar Google ya aika masa da takardar gargaɗi, domin yana haɗawa da Gmail da taswira da kantin manhajoji, waɗanda mallakar Google ne, ba sa cikin abin da aka buɗe. Aka sasanta a kan cewa zai cire su, mai so ya zuba su daban. Wannan ne asalin matakin da har yau ke rikita sababbin shiga: mutum ya gama zuba sabuwar manhaja, waya ta tashi, ya duba ya ga babu Play Store.

A 2013 aka mayar da aikin kamfani, Cyanogen Inc., wayar OnePlus One ta 2014 ma da manhajarsa ta fito. Rikicin yarjejeniya a Indiya da saɓanin shugabanni suka durƙusar da kamfanin, ya rufe hidimominsa a ƙarshen Disambar 2016. 'Yan sa-kai suka kwashe rubutun suka ci gaba da sunan LineageOS, wadda ke raye har yanzu.

Zanen aro

Sai dai wannan biki bai kai ga mai Tecno yadda ya kai ga mai Samsung ko Nexus ba. Babbar manhaja ba ta magana da kyamara ko lasifika ko eriya kai tsaye. Akwai ƙananan manhajoji da ke tsakani, kuma kowace waya da irin nata. Lasisin Linux ya wajabta wa mai sayar da na'ura ya saki tushen rubutun cibiyar manhajar, amma ƙananan kamfanoni da yawa masu amfani da MediaTek ba sa sakin nasu. Ba tare da shi ba, ɗan sa-kai ba zai iya gina manhaja daga tushe ba. Shi ya sa jerin wayoyin da LineageOS ke tallafa wa a hukumance ya cika da Google da OnePlus da Xiaomi da Motorola da Samsung, alhali wayoyin da suka cika aljihun mutanen Jigawa kusan babu su.

Abin da matasan Nijeriya suka koma yi shi ne ɗauko manhajar wata waya mai ƙwaƙwalwa iri ɗaya, ta Indiya ko Rasha ko Indunusiya, su cire wasu fayilolinta su sa na tasu wayar. Tsakanin 2013 da 2016 wannan ya yi tashe a kan ƙwaƙwalwa irin su MT6582 da MT6592. Waya takan tashi da sabuwar fuska, amma zanen aro ba ya rufe katara. Yau kyamara ta juye, gobe layi na biyu ya ɓace, jibi batir ya zube kafin la'asar. Google da kansa ya ga giɓin, a watan Agustan 2015 ya ƙaddamar da Infinix Hot 2 a Legas ƙarƙashin shirin Android One, da alkawarin manhaja marar tarkace da sabuntawa a kan kari. Shirin bai yi jijiya a kasuwar ba.

Ba ƙawa kaɗai ke kai mutane ga filashin ba. A 2020 masu binciken tsaro na Secure-D suka bayyana cewa dubban wayoyin Tecno W2 da aka sayar a wasu ƙasashen Afirka sun zo da muguwar manhajar Triada tun daga kwali, tana shigar da mutane rajistar da ke cinye musu kati da data. Transsion ya ce wani mai kawo masa kaya ne ya saka ta, ya kuma fitar da gyara. Irin wannan cuta mayar da waya saitin masana'anta ba ya kashe ta, tunda a cikin babbar manhajar take. Sai an zuba wata mai tsabta.

Inda aiki ke ɓaci

Matsalolin filashin ba su da yawa, maimaita kansu suke yi. Ta farko ita ce kwamfuta ta ƙi ganin waya. Wayar MediaTek a kashe ake haɗa ta, kuma 'yan daƙiƙoƙi kawai take buɗe ƙofa. Idan direban da zai gane ta bai zauna a kwamfuta ba, ko Windows ya ƙi shi don ba shi da sa hannu, ko igiyar ta caji ce zalla marar ɗaukar bayanai, sai ƙofar ta rufe ba a shiga ba. Wannan ce mafi sauƙi, domin ba a taɓa komai ba tukuna.

Ta biyu ita ce fayil ɗin da ba nata ba. Waya biyu kan zo da suna ɗaya a bayan kwali alhali allonsu na ciki ko gilashinsu daban. Gwani ba ya dogara da sunan kasuwa, lambar ginin manhaja yake dubawa. Fayil ɗin 'yar'uwa kan bar waya da farin gilashi ko taɓawa marar amsawa. Mafi muni shi ne a rubuta mata ɓangaren farko na tayarwa wanda ba nata ba, domin shi ne ke buɗe ƙofar da ake shiga a yi gyara. Idan ya lalace, an kulle ɗaki makulli na ciki.

Ta uku ita ce goge-duka. A cikin SP Flash Tool akwai zaɓin da ke share komai kafin ya rubuta, har da ma'ajiyar da lambar IMEI take, wato lambobi 15 da ke bambanta kowace waya a duniya, waɗanda ake gani in an danna *#06#. Wayar za ta tashi tsaf, amma ba sabis. Garin neman gira an rasa ido. Wanda ya kwafe wannan ma'ajiya tun kafin ya fara, cikin minti kaɗan zai mayar. Wanda bai kwafa ba ya shiga tsaka mai wuya, domin rubuta wa waya lambar da ba tata ba aikin masu ɓatar da sawun wayar sata ne. Kenya a 2012 da Tanzaniya a 2016 sun katse wayoyi masu lambar bogi daga layukansu.

Ta huɗu ita ce waya ta yi ta kunnuwa tana mutuwa a kan tambari. Sau da yawa tsofaffin bayanai ne ke karo da sabuwar manhaja, maganinsu a share ɓangaren bayanan mai waya, wanda ke nufin hotuna da lambobi da saƙonnin WhatsApp sun tafi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kwafe su kafin a fara shi ne rabin aikin.

Ta biyar ta gida ce. A ƙasar da wutar KEDCO ke zuwa ba sallama ta tafi ba bankwana, kwamfutar tebur marar batir haɗari ce. Rubutun da ya katse a tsakiya kan bar waya ba tsohuwar manhaja ba sabuwa.

Yadda ƙofa ta fara rufuwa

Kamfanoni ba su zuba ido ba. Samsung ya shigo da Knox a 2013, da wani ɗan fis a cikin ƙwaƙwalwa wanda ke ƙonewa da zarar an zuba manhajar waje, kuma ba ya gyaruwa. A 2015 Android 5.1 ya zo da kullen FRP: ko an share waya, sai an sa asusun Google na mai ita kafin ta buɗe. Daga Android 7 a 2016, wayar da ke kulle takan ƙi tashi in ta ga an taɓa manhajarta. Huawei ya daina ba da lambar buɗe butloda, wato manhajar da ke tayar da waya, a 2018. A shekarar ne kuma masu wasu wayoyin Xiaomi suka gano cewa komawa tsohuwar manhaja na kashe waya. MediaTek ma ya sa sababbin wayoyi neman izinin kamfani kafin su karɓi rubutu.

Taga ɗaya ta buɗe a 2017, lokacin da Google ya raba Android gida biyu a ƙarƙashin shirin Treble: ɓangaren kamfani daban, ɓangaren kowa daban. Wannan ya sa fayil guda zai iya tashi a wayoyi da yawa, har da Tecno da Infinix. Amma kyamarar da aka gyara domin baƙar fata tana cikin abin da ake rasawa, tare da wasu lokuta na'urar karanta yatsa.

Masu kulle suna da hujja. Duk wanda ya san yadda ƙwacen waya ya addabi Kano a 'yan shekarun nan, har da asarar rayuka, ya san amfanin wayar da ba ta buɗuwa a hannun ɓarawo. Dabarar da ke ceto dattijon da ya manta kalmar sirrin asusun da wani yaro ya buɗe masa a shago, ita ce dai ke wanke wayar sata. Shi ya sa mai gyara da ya san ciwon kansa yake neman rasit ko kwali kafin ya taɓa.

Amma abin da ya fi kashe kasuwar manhajar 'yan sa-kai kuɗi ne. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023, bayan sauya fasalin kuɗi, ya tura har mai shayi da mai kayan miya zuwa OPay da PalmPay da Moniepoint. Waya ta zama lalita. Manhajojin banki da yawa kan tambayi Google ko wayar na nan yadda kamfani ya yi ta, ta hanyar SafetyNet a da, yanzu Play Integrity. Wadda aka buɗe takan faɗi wannan jarrabawa. Magisk, da John Wu ya fitar a 2016, ya daɗe yana ɓoye buɗewar, amma wasan ɓuya ne da ke ƙara wuya kullum. Ga kuma wayar bashi, irin ta Easybuy da M-KOPA, wadda ke kulle kanta idan biya ya yi jinkiri. A nan kullen shi ne jinginar, kuma da shi ne marar kuɗi a dunƙule ke samun waya.

Abin da ya rage

Matsalar da ta haifi CyanogenMod tana nan. Waya kan rayu fiye da alkawarin kamfaninta. Google ya yi wa Pixel 8 alkawarin sabuntawa na shekara 7 a 2023, Samsung ya bi sahu da Galaxy S24 a 2024. Tarayyar Turai, daga 20 ga Yunin 2025, ta wajabta sabunta manhaja na aƙalla shekara 5 da samar da kayan gyara na shekara 7 bayan an daina sayar da samfurin. Yawancin wayoyi masu araha da ake sayarwa a Kazaure ba sa samun ko kusa da haka, kuma su ne ake gadar wa ƙane, daga ƙane zuwa uwa, har batir ya kumbura. Tsohuwar manhaja marar facin tsaro, ɗauke da asusun banki da layin da aka haɗa da lambar NIN, ƙofa ce a buɗe. Mai ita bai iya sabunta ta ta hanyar kamfani, in ya bi ta 'yan sa-kai kuma banki ya juya masa baya.

Gobarar da ta tashi a Farm Centre ranar Babbar Sallar 2025 ta nuna wani rauni. Ban da kaya, abin da ke cikin irin waɗannan shaguna har da rumbunan kwamfuta cike da fayilolin wayoyin da kamfanoninsu suka manta da su, da ilimin da ba a rubuta ba, wanda yaro ke ɗauka daga ubangidansa da ido. Kazaure na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, tana da cibiyar Informatics da gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki ta kafa a farkon shekarun 2000. Ilimin aji da na teburin gyara suna gari ɗaya. Haɗa su, a rubuta darussan da Hausa, a adana fayiloli masu tsabta a inda wuta ba za ta cinye su dare ɗaya ba, aiki ne da bai fi ƙarfin makarantun ba.

Sauran aikin na hukuma ne. NCC ce ke amincewa da kowane samfurin waya kafin a sayar da shi bisa doka, Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye, FCCPC, kuma na da hurumin abin da ake faɗa wa mai saye. Za su iya neman a rubuta a kan kwali shekara nawa za a sabunta manhaja, da kuma cewa idan wa'adin ya cika, wayar da aka gama biyan kuɗinta za a bai wa mai ita damar buɗewa. Kafin a kai can, mai sayen waya a Achilafiya ko Babura na da tambayar da ya kamata ya ƙara a kan girman ma'ajiya da ƙarfin batir: har zuwa wace shekara kamfanin zai ci gaba da kula da ita?